Filin Tambaya da Amsa: Koyon Zane Bayan An Girma

Tun da muka kawo bayani a kan azuzuwan koyon zane da ake buɗe wa manya da yamma da kuma ranakun Asabar, wasiƙu suke ta shigowa. Yawancinsu tambaya ɗaya ce aka sauya mata riga, saboda haka na zaɓi guda shida waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Na taƙaita wasiƙun, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni tsohon akanta ne, na yi ritaya bara bayan shekara 35 ina aikin gwamnati, yanzu shekaruna 61. Tun ina firamare nake sha'awar zane, amma wata rana malaminmu ya ɗaga dokin da na zana a gaban aji ya tambayi yara ko akuya ce, daga ranar ban sake gwadawa ba. Yanzu an buɗe aji kusa da mu, raina yana so, amma ina jin nauyin zama cikin sa'o'in 'ya'yana, ga shi hannuna ya fara ɗan rawa. Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba? Daga wani dattijo a Katsina.

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, waɗanda suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi, kuma a wannan fage maganarsu ta biyu ce ta fi ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, abin da ake koyarwa a ajin zane yawancinsa aikin ido ne, rabon hannu a ciki kaɗan ne. Duk wanda ya iya rubuta sunansa ya riga ya mallaki sarrafa hannun da ake bukata, balle mutumin da ya shekara 35 yana jera lambobi a cikin ƙananan layukan littafin lissafi.

Bari in ba ka misali daga ajin da nake koyarwa. A makon farko nakan ajiye butar alwala a kan tebur in ce kowa ya zana. Wani ɗalibina, tsohon direban babbar mota da ya haura hamsin, ya zana bakin butar da'ira cikakkiya, kamar wanda yake leƙa ta daga sama, alhali daga inda yake zaune a gefe yake kallonta. Sai na ce ya rufe ido ɗaya, ya miƙe hannunsa sosai da fensir a riƙe, ya auna faɗin bakin butar da babban yatsansa a jikin fensirin, sannan ya tsayar da fensirin ya auna tsawonsa. Da ya auna sai ya ga tsawon bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ba. Ya yi shiru yana duban butar, can ya ce ashe idonsa ya daɗe yana yi masa ƙarya. Na ce masa idon bai yi ƙarya ba, saninsa ne ya riga idon magana: ya shekara hamsin yana alwala da buta, ya san bakinta zagayayye ne, shi ya sa ya zana abin da ya sani ya bar abin da yake gani. Dokin nan naka da aka kira akuya, wannan cutar ce ta same shi, kuma maganinta awo ne da haƙuri, abubuwa biyu da babba ya fi yaro su nesa ba kusa ba.

Tarihi ma yana bayanka. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Najeriya, an haife shi a 1882, ya yi ta koya wa kansa yana aikin gwamnati a Legas, bai zauna a ajin zane na sosai ba sai a 1920 da ya tafi Landan yana dab da shekara arba'in. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira ashirin, ta riga ta zama gwanar ginin tukunya irin ta gargajiya kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta zauna ta koyi sabuwar dabara kamar kowane ɗan koyo. A Osogbo kuma, ɗan gajeren horon da wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta gudanar a 1964 ya fitar da masu zane irin su Twins Seven Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, waɗanda kafin nan 'yan wasan kwaikwayo ne da makaɗa, na ƙarshen ma mai aikin lantarki ne. Van Gogh ɗan ƙasar Holan da ake yawan ambata, sai da ya kai shekara 27 ya ɗauki zane a matsayin sana'a, bayan ya gwada kasuwanci da koyarwa da wa'azi, kuma shekara goma kacal ya yi yana aikin kafin rasuwarsa a 1890. Ba ina yi maka alkawarin shahara ba ne. Ina nuna maka cewa ƙofar ba ta da lokacin rufewa.

Game da rawar hannu, ka nemi babbar takarda da gawayi a maimakon ƙaramin littafi da fensir mai tsini, ka riƙa jan layi daga kafaɗa ba daga yatsu ba, domin rawar a yatsu da wuyan hannu ta fi fitowa. Idan aiki ya zo wurin da yake bukatar nutsuwa, ka ɗora sanda siririya a gefen allon, ka riƙe ta da hagu ka jingina wuyan hannun dama a kanta, dabarar da masu fenti suka daɗe suna yi. Batun jin nauyi kuwa, abin da na gani shi ne kwana biyu yake yi. Da zarar kowa ya ga butar ɗan'uwansa ta karkace kamar tasa, shekaru sun daina aiki a ajin.

Tambaya: Ina sana'ar zanen lalle ga amare, kuma ina so in koyi zane a takarda da fenti. Azuzuwa biyu na gani, kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. Ta yaya zan gane na kirki, kuma wane kaya ya kamata in fara saya? Daga wata matar aure a Maraɗi.

Amsa: Malama, kin zo da jari a hannunki, domin mai zanen lalle ta riga ta san jan layi ba tare da gogewa ba, ta san daidaita dama da hagu, ta kuma san barin fili a inda ya kamata. Abin da zai zame miki sabo shi ne haske da inuwa, da yadda ake sa abu ya fito kamar yana da jiki a kan takarda shimfiɗaɗɗiya.

Kafin ki biya ko sisi, ki roƙi a bar ki ki zauna a darasi ɗaya ki yi kallo. Ki lura ko akwai wani abu na zahiri da aka ajiye a tsakiya ana zanawa, ko ƙwarya ko tulu ko zane da aka lulluɓa a kujera, ko kuwa kowa ya sunkuya yana kwafar hoto daga wayarsa. Kwafar hoto tana da amfaninta daga baya, amma ajin da ya fara da ita ya kuma ƙare da ita yana cin kuɗin mutane ne kawai, saboda kyamara ta riga ta yi aikin da ake son idon ɗalibi ya koya, wato mayar da abu mai jiki ya zama shimfiɗaɗɗe. Ki lura kuma ko malamin yana zagayawa yana tsayawa a bayan kowa yana gyara, ko yana zaune a gaba yana nasa aikin. Malamin da yake karɓe fensir ya ƙarasa wa ɗalibi zanensa domin a sami abin ɗauka a waya, shi ma ki guje shi. Na kirki yakan nuna gyaran a gefen takarda ya bar ɗalibi ya yi da hannunsa. Idan ɗalibai sun haura goma sha biyar ga malami ɗaya, da wuya ki sami fiye da 'yan mintoci nasa a kowane zama. Sannan ki nemi ganin littafin zanen wani ɗalibi da ya yi wata shida, ki buɗe shafin farko da na ƙarshe. Wannan ya fi duk wata takardar talla faɗin gaskiya.

Tsarin da na fi amincewa da shi yana farawa da layi da awo, ya wuce zuwa haske da inuwa da fensir ko gawayi kaɗai, sannan dabarar nuna nisa da kusa, launi kuma ya zo daga baya. Ɗalibai ba sa son wannan tsari domin kowa launi yake ɗoki, amma wanda bai iya bambance mataki biyar tsakanin fari da baƙi ba, fenti ba abin da zai ƙara masa sai ruɗani.

Kayan farawa ba su da yawa: fensir uku, HB da 2B da 6B, abin gogewa mai laushi, reza, littafin zane mai takarda mai ɗan kauri, da gawayi. Gawayin icce mai laushi da kika tsinta a murhu ma yana aiki, kodayake yana zubewa. Na taɓa raka wata ɗaliba wani shago ta mayar da akwatin fenti mai launi arba'in da takwas da mai shagon ya lallaɓa ta saya tun kafin darasinta na farko, ya kuwa ƙi karɓa. Har ta gama shekara launi shida kawai ta taɓa a ciki, sauran suka bushe. Idan lokacin fenti ya zo, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da fari da ruwan ƙasa mai duhu sun isa. Daga cikinsu za ki haɗa kore da ruwan goro da shunayya, kuma haɗawar ita ce darasin.

Fentin iri uku ne za a gabatar miki. Fentin ruwa ya fi araha kuma ba ya wari, amma shi ne ya fi wuyar sha'ani, domin ana farawa daga haske a tafi duhu, farin takarda shi ne farinki, in kin rufe shi ya tafi ke nan. Yana kuma bukatar takarda mai nauyi, irin wadda aka rubuta wa giram 300, in ba haka ba ta kumbura ta lanƙwashe. Wani abin sha'awa shi ne, abin da yake riƙe launinsa ƙaro ne, wannan dai ƙaron da almajirai suke sawa a tawada, wanda ake ɗebowa daga itatuwa a Borno da Yobe da Nijar da Chadi da Sudan, a kai Turai a sarrafa a dawo mana da shi a ƙananan gwangwanaye. Na biyu shi ne akirilik, wanda ake narkawa da ruwa amma in ya bushe ba ya sake narkewa, kuma ana iya rufe kuskure da sabon shafi, shi ya sa nake ba masu farawa shawarar su soma da shi. Aibinsa a ƙasarmu saurin bushewa ne: a lokacin hunturu a Maraɗi zai iya daskarewa a faranti kafin ki gama haɗa launi, saboda haka ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin takardar da kike matsa fentin a kai, kada kuma ki bar buroshi ya bushe da shi ko na minti biyar. Fentin mai shi ne na uku, yana ɗaukar kwanaki bai bushe ba, launinsa ya fi zurfi, amma yana tafiya da sinadarin wanke buroshi mai ƙarfin wari da bai dace da rufaffen ɗaki mai yara ba. Ki ajiye shi sai kin yi shekara.

Tambaya: Ina son shiga aji, amma ina tsoron hukuncin zana abu mai rai. Shin akwai hanyar koyon zane ba tare da na shiga abin da zuciyata ba ta natsu da shi ba? Daga wani malamin Islamiyya a Zariya.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, fatawa ba fagena ba ce, kuma ka fi ni kusa da masu ita. Abin da zan iya cewa shi ne malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai a kan takarda ko bango, kuma ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya yana bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ba shi da jiki, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Inda ba a yi saɓani ba shi ne abin da ba shi da rai, domin an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da makamantansu.

Ta fuskar koyo kuwa, ba ka yi asarar komai ba. Duk ginshiƙan zane, awo da haske da inuwa da nisa da launi, ana koyonsu cikakku daga tulu da kuka da ganuwa da gajimare. Kukar da ta kaɗe ganye a rani ta fi fuskar mutum wuyar zanawa. Ka gaya wa malamin ajin matsayinka tun ranar farko, domin idan an zo darasin zana mutum ya ba ka rawani ko babbar riga da aka rataye ka yi nazarin ninkinta. Kuma kana da gadon da sauran ɗalibai za su yi sha'awa: zayyanar da ake yi wa allon sauka da tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa, da adon da marubuta Alƙur'ani suke yi a gefen shafi wajen alamar hizbi da sajada, zane ne na gaske mai ƙa'idojinsa. Tun ƙarni na 10 waziri Ibn Muƙla a Bagadaza ya tsara awon haruffa da ɗigon alƙalami da tsawon alif da da'ira, wato irin awon da muke yi da fensir a aji.

Tambaya: A ajinmu ana ware awa ɗaya kowane mako don tarihin fasahar zane, kuma yawanci sunayen Turawa ne da shekaru. Ni zane na zo koya. Shin ba ɓata lokaci ba ne? Daga wani ma'aikacin banki a Kaduna.

Amsa: Malam, idan haddar sunaye da shekaru ake ba ku, to kana da gaskiya, lokacinka ake ci. Amma laifin na mai koyarwa ne. Tarihin zane idan an koyar da shi yadda ya kamata, labari ne na matsalolin da kai ma kake fama da su a kan takardarka, da yadda waɗanda suka riga ka suka warware su.

Ɗauki dabarar nan da aka koya muku ta jan layuka su haɗu a ɗigo ɗaya a can nesa, wadda take sa titi ya riƙa tsukewa. Ba da ita aka halicci ɗan'adam ba. Wani magini ne a birnin Fulorens na Italiya, Brunelleschi, ya gwada ta a farkon ƙarni na 15, wani masanin Italiya mai suna Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435, kuma ilimin gani da suka dogara da shi ya biyo ta hannun Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara 400 kafin su, wanda ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, aka kuma fassara aikinsa zuwa Latin. Wanda ya san haka zai gane cewa dabarar zaɓi ce daga cikin zaɓuɓɓuka: masu zanen Sin da na Farisa sun yi ƙarnoni suna nuna nisa ta wasu hanyoyi dabam, kuma ba jahilci ne ya sa su ba. Haka nan wannan ɗan bututun fenti da kake matsawa kamar man goge baki, sai a 1841 wani mai zane Ba'amurke mazaunin Landan, John Rand, ya ƙirƙiro shi. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fentin mai. Da bututun ya samu sai fita daji da bakin kogi da fenti ya yi sauƙi, kuma wannan yana cikin abin da ya haifar da salon Monet, mai zane Bafaranshe, da abokansa, waɗanda suka yi nunin farko a Paris a 1874 aka yi musu dariya, waɗanda kuma aka sani da zana inuwa da shuɗi da shunayya. Ka fita da la'asar ka dubi inuwar bango a kan jar ƙasa da kyau, za ka ga ba baƙa ba ce.

Inda zan goyi bayanka ɗari bisa ɗari shi ne, manhajar da ta fara da Girka ta ƙare da Faransa gurguwa ce, kuma kai da kake Kaduna ba ka da uzurin karɓarta haka. Ƙauyen Nok yana cikin jiharku, kuma gumakan yumɓun da aka haƙo a yankin sun haura shekara 2,000; wani kan gunki da aka samu a yankin Jama'a aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943 shi ne ya buɗe binciken, har aka gina gidan tarihi na Jos a 1952. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, a Dabus kusa da Agadas kuma akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce, babban cikinsu ya haura mita biyar. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizonsa na ƙasa da azara da adon jikin ginshiƙansa, darasi ne cikakke a kan tsari da daidaito. Haka zanen gaban gidaje a Kano da unguwar Birni ta Damagaram, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, wadda wani ne yake fara zana ta da alƙalami a jikin yadi kafin mai ɗinki ya bi da allura.

Wannan ƙorafi naka ma tsoho ne, kuma a Zariya aka fara yin sa da ƙarfi. A 1958 wasu ɗalibai a sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su zama 'yan amshin shatar malamansu Turawa ba, za su ɗauki dabarar da aka koya musu su aura mata abin da suka gada a gida. A Sudan ma Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ya dawo daga karatu a Landan ya baje ayyukansa a Khartum ya ga ba su taɓa zuciyar mutanensa ba, sai ya koma ga haruffan Larabci da adon da ya tashi yana gani a makarantar allon mahaifinsa. A 2013 gidan nunin Tate Modern na Landan ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa. Shawarata ita ce ka roƙi malaminku ya raba awar nan biyu, rabi bayani rabi kwafa, a ɗauki aiki ɗaya kacal a mako, kowa ya zana shi da fensir a minti ashirin. Ranar hutu kuma ka ɗauki littafinka ka tafi gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano, ka zaɓi abu ɗaya ka zauna a gabansa. Wanda ya zana dagi sau ɗaya yana bin igiyarsa inda ta hau da inda ta nutse ya san shi fiye da wanda ya karanta shafi goma a kansa.

Tambaya: Tun da akwai darussa kyauta a YouTube, me ya sa zan biya kuɗin aji? Daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato.

Amsa: Ɗana, darussan suna da amfani, ni ma ina kallonsu. Abin da ba su iya yi shi ne su dubi takardarka su ce maka kafaɗar tulun nan ta hagu ta fi ta dama tudu, kuma mai koyo ba ya ganin kuskurensa, domin idon da ya yi kuskuren shi ne yake dubawa. Idan aljihu bai kai ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku tsayar da rana ɗaya a mako, ku ajiye abu a tsakiya ku zana, sannan ku jera takardun a jikin bango ku ja da baya ku faɗa wa juna gaskiya. Sau ɗaya a wata ku nemi wani malamin zane daga kwalejin ilimi ko sakandare ya duba muku, ku haɗa masa kuɗin mota.

Tambaya: Wata huɗu ke nan ina zuwa aji ba fashi, amma ina ganin zanena yana ƙara muni. Har na fara tunanin ba ni da baiwa. In daina? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kusan duk wanda ya yi da gaske yakan faɗa wannan rami tsakanin wata na uku da na shida, kuma bayaninsa a fili yake. Ido yana riga hannu girma. A watan farko ba ki ganin kurakuranki, shi ya sa kome kika zana yake burge ki. Yanzu kina ganin guda goma a kowane shafi, hannun kuma bai kai ga gyara ko uku ba. Ki ɗauko zanenki na makon farko ki ajiye kusa da na jiya, ki sa su a gaban madubi ki dube su ta ciki, domin madubi yana juya hoto ya sa ki gan shi kamar aikin wani. Ina kyautata zaton na jiya zai yi nasara.

Abin da nake zargi kuma shi ne kina zane ranar aji kaɗai, tun da aikin asibiti ba ya barin mutum. Awa uku a zama ɗaya kowace Asabar ba ta kai amfanin minti goma sha biyar kullum ba. Ki sami ƙaramin littafi da zai shiga aljihun rigar aiki, ki zana abin da yake gabanki lokacin hutu, ko kofin shayi ko makullai ko takalminki, da biro domin kada ki sami damar gogewa, ki rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, kada kuma ki yage ko ɗaya. Ki ware mako biyu ki daina zana abin da kansa, ki riƙa zana filin da ya kewaye shi, kamar ramin da ke tsakanin hannun kofi da jikinsa ko sararin da ke tsakanin ƙafafun kujera, saboda ƙwaƙwalwa ba ta da sunan da ta ba waɗannan siffofi, don haka ba ta iya yi wa ido katsalandan. Idan littafin ya cika, ki kai wa malaminku shi gaba ɗaya, ki roƙe shi ya nuna miki kuskure ɗaya da yake ta maimaituwa, ki yi wata guda a kansa kafin ki nemi na biyu.